Haikali Takwas a Kwana Biyu: Yadda Gaggawa Ta Shiga Ziyarar Ashtavinayak a Indiya

Kafin ƙarfe biyar na asubar Asabar, unguwar tashar Swargate a birnin Pune ta riga ta farka. Masu shayi sun ɗora tukwane, ƙananan motocin bas masu cin mutum goma sha bakwai sun jeru a bakin titi, kowacce da zaren furanni ruwan goro a goshinta. Iyalai na ta sauka daga babura masu ƙafa uku, irin waɗanda Kanawa ke kira A Daidaita Sahu, ɗauke da jakunkuna da kulolin abinci da gorunan ruwa.

Tsofaffi ake fara shigarwa. Kaka ta kama ƙofa da hannu ɗaya, jika na tallafe da ita, har a zaunar da ita kusa da taga. Direba ya fasa kwakwa a kan kwalta gaban motar, ya taɓa ɗan gunkin da ke manne kusa da sitiyari, ya shafa a goshi. Wani daga kujerar baya ya ɗaga murya ya ce "Ganpati Bappa", mota duka ta amsa da "Morya", sannan a tada inji.

Abin da ke gabansu wuraren bauta ne guda takwas, warwatse a gundumomi uku na jihar Maharashtra. Tafiyar ba ta gaza kilomita 650 ba, tana iya kaiwa 800, gwargwadon hanyar da aka bi. Kuma yawancin waɗannan iyalai sun ƙudurta kwana a gidajensu daren Lahadi, domin ranar Litinin akwai ofis, akwai makaranta.

Wannan ita ce ziyarar Ashtavinayak, ɗaya daga cikin gajerun ziyarorin ibada da mabiya addinin Hindu suka fi yi da mota a yammacin Indiya. A zamanin amalanken shanu da tafiyar ƙasa makonni take ci. Yau kamfanonin yawon buɗe ido na Pune da Mumbai suna tallarta a matsayin tafiyar kwana biyu da dare ɗaya. Sauƙin da aka samu babba ne, babu mai musu. Sai dai matse ta cikin kwana biyu ya zo da nasa nauyin, kuma waɗanda suka fi ɗaukarsa su ne mutum biyun da ba a cika shawara da su ba idan ana tsara tafiyar, wato tsohuwar da ke zaune kusa da taga da direban da ke riƙe da sitiyari.

Su wane ne takwas ɗin?

Duk wanda ya tashi da kallon fina-finan Indiya a Kano ko Damagaram ya san siffar Ganesh, ko da bai riƙe sunan ba: jikin mutum, kan giwa, ƙaton tumbi, da ɓera a gefen ƙafarsa. A aƙidar Hindu ɗa ne ga Shiva da Parvati, kuma mabiyansa sun yi imani shi ke kawar da cikas. Shi ya sa da sunansa suke buɗe sabon shago, su shiga sabon gida, su fara hidimar aure. Mutanen Maharashtra sun fi kiran sa Ganpati.

Duka wuraren takwas na bautarsa ne. Biyar daga cikinsu suna gundumar Pune: Morgaon, Theur, Ranjangaon, Ozar da Lenyadri. Biyu, Pali da Mahad, suna gundumar Raigad, can ƙasan tsaunukan Sahyadri ta ɓangaren teku. Ɗaya, Siddhatek, yana bakin kogin Bhima a gundumar da aka sani da Ahmednagar, wadda aka sauya wa suna zuwa Ahilyanagar a 2024. Masu ziyara sun yi imani gumakan takwas ba sassaƙar mutum ba ne, da kansu suka bayyana, kuma kowanne da sunansa da labarinsa.

Ba su yi kama da juna ba. Na Morgaon, inda ake buɗe ziyarar, yana cikin doguwar katangar dutse mai hasumiya a kusurwoyi huɗu, har baƙo daga nesa kan ɗauka masallaci ne. Wasu na cewa da gangan aka yi haka don kare shi a zamanin yaƙe-yaƙe, wasu kuma na ganin tasirin salon ginin Musulmin yankin Deccan ne na wancan lokaci. Gunkin Siddhatek shi kaɗai ne a cikinsu dogon hancin giwarsa ya karkata dama, abin da mabiya ke ɗauka da muhimmanci ƙwarai. Na Mahad ƙarami ne, a bakin wani tafki inda aka ce an tsinci gunkin a 1690, aka gina masa ɗaki a 1725. Akwai fitilar mai a cikinsa da masu kula da wurin ke cewa ba ta mutu ba tun 1892, kuma a nan ne ake barin mai ziyara ya shiga har ciki ya ajiye furanninsa da hannunsa.

Daga fadar Peshwa zuwa majigi

Darajar waɗannan wurare ta ɗaukaka ne a ƙarni na 18, lokacin da gidan Peshwa, waziran daular Maratha, ke mulki daga Pune. Ganesh ne abin bautar gidansu, saboda haka suka zuba dukiya a gine-gine da filaye. A Theur, kimanin kilomita 25 daga Pune, Peshwa Madhavrao na ɗaya ya yi jinyarsa ta ƙarshe, a nan kuma ya mutu a 1772 yana da shekara 27. A Pali akwai wata babbar ƙararrawa ƙirar Turai da Chimaji Appa na gidan Peshwa ya kawo bayan ya ƙwace garin Vasai daga hannun Turawan Fotugal a 1739. Ginin Siddhatek kuwa ana danganta shi da sarauniyar Indore, Ahilyabai Holkar, wadda sunanta gundumar ke ɗauke da shi yanzu.

Mulkin Peshwa ya faɗi a 1818, amma Ganesh bai bar dandalin jama'a ba. A 1893 ɗan gwagwarmaya Bal Gangadhar Tilak ya ƙarfafa fitar da bikin Ganesh daga cikin gidaje zuwa tituna, domin ya zama wurin haɗa kan mutane a ƙarƙashin mulkin Ingila. Daga baya majigi ya yi nasa aikin. A 1979 aka fitar da wani fim na harshen Marathi mai suna Ashtavinayak, wanda Sachin Pilgaonkar ya fito a ciki. Fim ɗin ya kai hotunan wuraren takwas gaban mutanen da ba su taɓa taka su ba, kuma har gobe ana jin waƙoƙinsa a lokacin bikin.

Abin da ya cika hanyoyin

Son zuwa daɗaɗɗe ne. Abin da ya sauya shi ne hali. Babbar hanyar Mumbai zuwa Pune mai layi shida, wadda tsawonta ya kusa kilomita 95, an kammala ta a 2002, ta kuma sa Mahad da Pali suka zama kamar bayan gari ga mazauna biranen biyu. Mumbai da kewayenta na ɗauke da mutum sama da miliyan 20. Pune ta cika da kamfanonin kwamfuta da na ƙera motoci, da matasa masu albashi waɗanda iyayensu ba su taɓa mallakar mota ba, su kuma yau suna da mai cin mutum bakwai a ƙofar gida.

Gwamnatin jihar ma ta buɗe wata ƙofar. Tun 2022 duk wanda ya haura shekara 75 yana shiga jajayen motocin hukumar sufurin jihar kyauta, a 2023 kuma aka rage wa mata rabin kuɗin mota. Tsofaffi da ƙungiyoyin mata na unguwanni, waɗanda a da sai sun jira ɗa ko miji ya samu hutu, yanzu suna haɗa kansu su kama hanya.

Sai wayar hannu. Taswira na nuna hanya, ana kama ɗaki tun daga gida, kuɗin shingen hanya na fita da kansa ta wata 'yar takarda da ke manne a gilashin mota, wadda aka wajabta tun 2021. Mai sayar da furanni a ƙofar haikali ma yana da lambar da ake nuna wa waya a biya shi. Duk wannan ya sa tafiyar ta zama abin da ake yanke shawararsa daren Alhamis, a tashi Asabar.

Jerin kakanni ko jerin taswira?

Gardamar farko a kowane gida ita ce ta inda za a fara da inda za a ƙare. Jerin gargajiya sananne ne: Morgaon, Siddhatek, Pali, Mahad, Theur, Lenyadri, Ozar, Ranjangaon, sannan a sake komawa Morgaon a rufe. Dattawa da yawa na ganin wanda bai koma Morgaon ba bai cika ziyararsa ba.

Wanda ya shimfiɗa taswira zai ga abin da jerin ke nufi a kan kwalta. Daga Siddhatek da ke gabas za a ratsa Pune a gangara yamma ta cikin tsaunuka, tafiyar da ta haura kilomita 200. A sake hawowa a ratsa Pune zuwa Theur, a miƙa arewa zuwa yankin Junnar inda Lenyadri da Ozar suke, a dawo kudu. Birnin da cunkosonsa ya yi suna a Indiya za a gifta shi ko a zagaye shi fiye da sau ɗaya.

Matasa masu tsara tafiyar a waya ba sa ganin dalilin wannan wahala. Su a wajensu muhimmin abu shi ne a tsaya gaban kowane gunki, ido ya gan shi, abin da suke kira darshan. Kamfanonin yawon buɗe ido sun bi bayansu, kusan dukkansu jerin sauƙi suke bi, mafi yawa kuma ba sa komawa Morgaon.

A ganina gardamar jeri ta ɗauke hankali daga tambayar da ta fi ta nauyi, wato kwana nawa. Ƙasar da kanta ta kasa wuraren gida uku. Akwai na gabas a filin rake: Morgaon, Siddhatek, Theur da Ranjangaon. Akwai na arewa kusa da Junnar, Ozar da Lenyadri, da ba su wuce kilomita 15 tsakaninsu ba. Akwai kuma na yamma a ƙasan tsauni, Mahad da Pali, masu tazarar kusan kilomita 40. Rukuni uku ne, kuma kowanne ya ishi yini guda ga motar da ke ɗauke da tsoho da yaro. Mai cusa su cikin kwana biyu dole ya ci bashin lokaci, kuma daga dare yake cin sa.

Sunaye masu ɓatar da baƙo

Taswirar waya na da tarko a wannan hanya. Mahad biyu ce a gundumar Raigad: ƙauyen da haikalin yake, kusa da Khopoli, da kuma babban garin Mahad da ke can kudu, nesa ƙwarai. Ozar ma biyu ce, ɗaya kusa da Junnar, ɗayar kusa da Nashik. Akwai Pali a jihar Rajasthan. Sannan shahararren haikalin Siddhivinayak na cikin birnin Mumbai, duk da sunansa ɗaya da na Siddhatek, ba ya cikin takwas ɗin. Direbobin da suka san hanya sunan gunkin suke haɗawa da na garin: Varadvinayak na Mahad, Vighneshwar na Ozar, Ballaleshwar na Pali.

Wace rana, wane wata?

Kalandar Hindu da wata take tafiya, kuma ranar huɗu ita ce ta Ganesh. Kwana huɗu bayan wata ya cika ana yin azumin Sankashti, wanda ba a buɗe baki sai wata ya fito da dare. Idan ranar ta faɗo Talata ana kiran ta Angarki, kuma a irin wannan rana layin da kan ɗauki minti ashirin yana iya cin awoyi. Haka abin yake a babban bikin Ganesh na Agusta ko Satumba, da na watan Magh wanda ke zuwa a Janairu ko Fabrairu.

Mai ibada na son ranar saboda ladan da yake fata, mai tsara tafiya na gudun ta saboda turmutsutsu. Tsoron ba na banza ba ne. A Janairun 2005, a haikalin Mandhardevi da ke gundumar Satara mai maƙwabtaka, mutum kusan 300 suka mutu bayan wasu sun zame a matakalar da ruwan kwakwa ya jiƙa, wuta kuma ta tashi a rumfunan 'yan kasuwa. Wurin ba ya cikin takwas ɗin, amma mutanen jihar ba su manta ba. Iyalin da ke tafe da tsoho ko jariri, gara su zaɓi tsakiyar mako, ranar da ba ta da suna.

Yanayi ma na da tasa maganar. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai maki 40 a filayen gabas, kuma da yake ba a shiga haikali da takalmi, daɓen dutse da tsakar rana yana ƙona tafin ƙafa. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, ita ce lokacin da tsaunuka suka fi kyau, ruwa na kwarara daga kowane dutse, ita ce kuma ta fi haɗari. Hazo kan rufe hanya, duwatsu su gangaro. A Yulin 2023 zaftarewar ƙasa ta binne ƙauyen Irshalwadi, a yanki ɗaya da haikalin Mahad. An tono gawarwaki kusan 27, wasu da dama ba a same su ba.

Saura Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin sanyi, wanda kowa ya yarda shi ya fi dacewa. Sai dai shi ne kuma kakar yankan rake. Taraktoci masu jan tirela biyu, an lafta musu rake har yana leƙowa gefe, suna tafiya a hankali zuwa masana'antun sukari dare da rana, da yawansu babu fitilar baya mai kyau. Da rana abin haƙuri ne kawai. Da dare motar da ke gudu ba ta ganin su sai ta zo dab.

Matakalar Lenyadri

Idan akwai wurin da ke auna shirin iyali, to Lenyadri ne. Haikalin ba gini ba ne, kogo ne da aka sassaƙa a jikin tsauni, ɗaya daga cikin kimanin kogo talatin da mabiya addinin Buddha suka haƙa tsakanin ƙarni na 1 da na 3 Miladiyya. Kogo na bakwai, wanda a da masaukin masu zuhudu ne, shi aka mayar wurin bautar Ganesh ƙarnoni bayan haka. Babban zaure ne da babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyarsa, gunkin kuma a jikin bangon baya yake. Wurin na ƙarƙashin kulawar hukumar adana kayan tarihi ta Indiya, saboda haka akwai tikitin shiga, kuma ba a barin kowa ya yi gyara yadda ya ga dama.

Kafin a kai ga zauren akwai matakala kusan 300, ta dutse, wasu dogaye wasu gajeru, babu inuwar kirki. Birai na zaune a kan katanga suna lura da hannun kowa. Wanda ya riƙe leda a fili, ko ta furanni ce, za a fizge ta. A ƙasan matakalar akwai maza masu ɗaukar mutane a kan kujerar da aka ɗaure wa sanduna. Su ke sa ta a kafaɗa su hau da tsohon da gwiwarsa ta gaza, suna tsayawa su sauya kafaɗa, gumi na zuba. Sana'arsu ke nan, kuma ana ciniki da su kafin a hau.

A tsarin kwana biyu motoci kan iso nan ne da rana tsaka ko dab da faɗuwar rana, a ce wa kowa ya hau ya sauko cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Matashi zai iya. Mai ciwon suga ko hawan jini, wanda tun asuba bai ci komai ba sai shayi, ko dai ya tilasta wa kansa, ko ya zauna a mota yana kallon tsaunin da ya yi shekaru yana burin hawa. Sau da yawa kuma saboda shi aka shirya tafiyar tun farko. Wannan ne abin da ya fi damuna a cikin lamarin duka. 'Ya'ya sun kashe kuɗi don su cika wa mahaifiyarsu buri, amma jadawalin da suka saya an yanka shi ne daidai ƙafar ɗan shekara talatin.

Wanda ya kwana kusa ya hau da sanyin safiya, da ruwa a hannu, yana hutawa inda ya ga dama, tafiya ce daban. Daga bakin kogon ana hango kwarin kogin Kukadi da garin Junnar, da tsaunin Shivneri inda aka haifi Shivaji, wanda ya kafa daular Maratha, a 1630.

Direban da ba a tambayar barcinsa

Alƙaluman ma'aikatar sufurin Indiya sun nuna mutum kusan 170,000 ke mutuwa a haɗarin mota duk shekara a 'yan shekarun nan, kuma ana ɗora kimanin kashi 70 cikin ɗari a kan gudun wuce sa'a. Maharashtra kaɗai na rasa kusan 15,000. Ba a ware na masu ziyarar ibada a ciki, amma hanyoyin da suke bi su ne dai waɗannan.

Mafi tsanani ita ce gangaren Bhor Ghat, tsakanin Khandala da Khopoli, inda hanya ke saukowa daga tudu zuwa ƙasar bakin teku cikin lanƙwasa bayan lanƙwasa. Manyan motoci na rasa birki a nan. Direban da ya saba yana sauka ne da ƙaramar giya, ba ya danne birki har ya yi zafi. A Afrilun 2023, da asuba, wata bas da ta ɗauko matasan wata ƙungiyar makaɗa daga Pune zuwa Mumbai ta faɗa rami a tsohuwar hanyar wannan gangare, mutum 13 suka mutu.

Dokar ma'aikatan sufuri ta Indiya ta 1961, wadda ta yi aiki har 2025, ta ƙayyade wa direba awa takwas a yini, da hutun rabin awa bayan kowace awa biyar. A motar haya ta ziyara ba a ko tuna irin wannan ƙa'ida. Direban da ya ɗauki iyali ƙarfe biyar na asuba ya tashi ne tun ƙarfe uku, wataƙila jiya da dare ya dawo daga wata tafiyar. Zai yi tuƙi har goma na dare. Iyali su shiga ɗaki, shi ya kwantar da kujera ya kwana a mota, sauro na cizo, ƙarfe huɗu a ƙwanƙwasa masa gilashi.

Direbobin da kansu ba sa yawan ƙorafi, domin ana biyan motar ne da kilomita, su kuma da alawus na kowane yini, kuma wanda ya ce ya gaji gobe wani za a kira. Masu kamfani na cewa kasuwa suke bi, kwana biyu mutane ke tambaya, wanda ya tallata uku kujerunsa za su tafi babu kowa. Akwai gaskiya a maganarsu. Ma'aikacin da hutunsa Asabar da Lahadi ne kawai, ƙarin kwana ɗaya na nufin roƙon shugabansa. Amma Bahaushe ya ce sauri ya haifi nawa, kuma a kan wannan gangare abin da sauri ke haifarwa ya fi nawa muni.

Iyalin da ke tuƙa motarsu ma ba su tsira ba. Uba ne direba, shi ne mai riƙe da kuɗi, shi ne mai bin layi, wani lokaci kuma yana azumi. Ga batun bel. Mutuwar attajiri Cyrus Mistry a Satumban 2022, yana zaune a kujerar baya ba tare da ya ɗaura ba, ta sa hukumomi sun matsa a kan na baya su ma su ɗaura, amma a motar da aka cusa mutum tara a wurin bakwai, yara a kan cinya, zancen bai ma taso ba.

A yankin Junnar akwai wani dalilin na gudun dare. Damisoshi sun mayar da gonakin rake gidansu, kuma sukan kai wa mutane hari, musamman yara. Mutanen yankin ba sa tsayar da mota a bakin gonar rake bayan magariba don yaro ya kewaya.

Masu ci daga hanyar

Ga ƙauyukan kansu, yawan baƙi alheri ne. Hanyar shiga kowane haikali cike take da rumfuna: jan fure da ɗanyar ciyawar durva da ake miƙa wa Ganesh, kwakwa, turare, da modak, wani ɗan dunƙulen garin shinkafa mai kwakwa da mazarƙwaila a ciki, wanda aka ce shi ya fi so. Akwai masu ajiye takalma, masu gadin mota, masu sayar da shayi da soyayyen dankali a cikin burodi. Kwamitocin da ke kula da wuraren sun gina masaukai masu rahusa da ɗakunan cin abinci, kuma na Ozar ya yi suna wajen girma da tsari. Abincin duka babu nama, haka masu ziyara ke so.

Sai dai mai gaggawa ba ya barin abin kirki a gari. Ya sauka, ya sayi faranti ɗaya na furanni, ya bi layi, ya tsaya gaban gunki daƙiƙu kaɗan, ya koma mota. Mai masauki da mai abinci sun fi son wanda zai kwana. Shara kuwa kowa na bari. Jihar ta haramta ledar da ake amfani da ita sau ɗaya tun 2018, amma gorunan ruwa da ragowar furanni na taruwa a bakin koguna. Kogin Mula-Mutha da ke wucewa ta Theur yana isowa ne bayan ya kwashi dattin birnin Pune.

Akwai kuma abubuwan da jadawalin kwana biyu ke yankewa ba tare da an faɗa ba. A Siddhatek al'adar ita ce a zagaye da ƙafa tudun da haikalin ke kansa, tafiyar kusan kilomita biyar. A Pali an fuskantar da ginin gabas ta yadda a wani lokaci na shekara hasken fitowar rana ke shiga har kan gunkin. Wanda motarsa ke jira da inji a kunne ba zai yi na farkon ba, ba kuma zai ga na biyun ba.

Kuɗin kwana na uku

Tsarin kwana uku daga Pune ba shi da wuyar zanawa. Ranar farko Morgaon da Siddhatek da Theur, a kwana a Ranjangaon. Washegari a gama da Ranjangaon da sassafe, a isa Lenyadri kafin rana ta yi ƙarfi, a wuce Ozar a huta a kwana. Rana ta uku a fita da wuri saboda cunkoson garin Chakan da ke kan hanya, a sauka gangaren da rana, a yi Mahad da Pali, a hawo kafin duhu. Wanda ya dage sai ya rufe da Morgaon ya ƙara rabin yini, ko ya bar shi zuwa wata Asabar, tunda daga Pune bai wuce kilomita 70 ba.

Abin da kwana na ukun ke ƙarawa a kuɗi ana iya lissafa shi a tafin hannu: ɗaki ɗaya ko biyu a masaukin haikali, abincin yini guda, alawus ɗin direba, da mafi ƙarancin kilomitocin da mai mota ke caja kowace rana ko an yi su ko ba a yi ba. A kan wannan sai a ƙara gado ga direban, a faɗa wa kamfanin tun wajen ciniki cewa motar ba za ta yi tafiya bayan magariba ba, a kuma tambaye su ƙarfe nawa direban ya dawo daga tafiyarsa ta jiya.